Kofin da Ya Rufe Bakin Dattawan Fadama

Edita, ina yi maka sallama. Lokacin da abin nan ya faru ni malamar tarihi ce a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Haɗeja, sabuwar ɗauka, ga rawar kai. Duk wanda ya ce tarihi labarin matattu ne sai na tsaya na gyara masa zama. Shi ya sa da aka aiko da sanarwar gasar binciken tarihi tsakanin makarantu, tun kafin shugaban makaranta ya rufe baki na ce ni zan shirya yaran. Tsofaffin malamai suka yi ta yi mini dariya, wai zan gaji in dawo layi. Ban gaji ba, amma da na san inda abin zai kai mu da na bar su da dariyarsu na kama bakina.

Sharaɗin gasar shi ne ɗalibai su zaɓi wani abu na yankinsu, su samo bayaninsa daga bakin waɗanda suka gani da ido. Cikin yaran da na zaɓa akwai wata 'yar ajin ƙarshe da ke zuwa daga wani ƙauyen fadama a hanyar Kirikasamma. Ba ta da surutu a aji, amma in ta riƙe biro ba mai kamo ta. Ita ta kawo shawarar mu yi tarihin burtalin ƙauyensu, wato hanyar da shanu ke bi su gangara kogi su sha ruwa. Gonakin shinkafa da alkama sun cinye shi, kullum rani sai an yi rigima tsakanin manoma da makiyaya, har maganar tana gaban dagaci. Ta ce kakanta ya san komai, in dai an iya buɗe masa baki.

Ranar wata Asabar muka je. Tsohon ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo fura, amma duk abin da na tambaya sai ya ce ai ya tsufa, ya manta. Har na fara tattara jakata, sai jikar tasa ta shiga yi masa wasan nan na jika da kaka. Ta kira shi tsohon miji mai rowa, ta ce bai ba ta kuɗin cefane ba, labarin ma sai ya yi mata ƙwauro, to yau sai ya ba ta takardarta. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce amaryarsa ba za ta kunyata shi gaban baƙi ba. Daga nan baki ya buɗe. Ya faɗa mana yadda a da ake sakin shanu cikin gonaki bayan girbi su ci kara su bar taki, da yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoma suka rasa gonakinsu na ƙasa suka matso tudu. Can cikin raha sai ya ce shi da hannunsa, tare da 'yan'uwansa, suka riƙa tuge shingen burtali suna matsar da shi kaɗan-kaɗan duk shekara, har ya koma kamar hanyar rijiya, kuma iyakar ta asali tana gindin wata tsamiya da ke tsakiyar shinkafa yanzu. Sai ya kalli wayata da ke ɗaukar murya, ya ce wannan na ƙarshen tsakaninsa da amaryarsa ne, sauran mu rubuta. Na yi masa alkawari, har da ambaton sunan Allah.

Mun cika alkawarin a rubuce. Yarinyar ta yi aikin da ni kaina na ƙaru da shi, ba ta ambaci shinge ko tsamiya ba. Da lokacin miƙawa ya yi, mataimakin shugaban makaranta, wanda shi ke tattara kayan gasar, ya ce alƙalai na son muryoyin da aka ɗauka don su tabbatar ba ƙirƙira muka yi ba. Na gaya masa a fili akwai wurin da yake amana, sai na yanke shi tukuna. Ya ce haba Malama, kada in wahalar da kaina, shi yana da kwamfuta, yanzun nan zai yanke. Abin da kowa ya sani a garin nan amma bai zo mini a rai ba shi ne, ma'aikaci in ya ɗan tara sai ya sayi shanu ya ba makiyaya kiwo. Shanun mutumin nan suna rugar da ke shari'a da ƙauyen.

Ya yanke kuwa, amma ba inda na ce ba. Wurin amanar ya ciro ya tura wa makiyayan. Aka kunna muryar tsohon a zauren dagaci, har da dariyarsa da tarinsa da muryar yarinyar tana tsokanarsa, daga nan ta bi wayoyin gari. Aka yanke hukunci a buɗe burtali har gindin tsamiya, 'ya'yan 'yan'uwan tsohon suka rasa gefen gonakin da suka riga suka dasa. Haushin duk ya koma kansa. Wanda yake ba shi aron injin ban-ruwa ya aiko aka ɗauke, in an idar da salla a masallaci kowa sai ya miƙe ya bar shi da hannu a miƙe. Uban yarinyar ya ce tun da karatun nata ya kai ta sayar da kakanta, to ya isa haka. Ya cire ta daga makaranta ana dab da jarrabawar kammalawa.

Na shiga ofishin mataimakin shugaban cikin ɓacin rai. Wallahi ko gezau bai yi ba. Yana kaɗa makullin mota ya tambaye ni ko ƙarya tsohon ya yi, kuma ba ni nake cewa tarihi gaskiya ne ba. Ni ban ce makiyayan ba su da haƙƙi ba, suna da shi, kuma shanu dole su sha ruwa. Amma in shaida yake nema, ai ya san hanyar ƙauyen, ya je ya yi sallama a zaure ya tambayi dattijo ido da ido. Ya rasa inda zai samo ta sai cikin wasan jika da kakanta, ta hannun yarinyar da aka ba shi amanar karatunta! Na kai ƙara gun shugaban makaranta, ya ce in yi haƙuri kada a ɓata sunan makaranta tun da mun kai zagayen ƙarshe. Muka ci gasar. Wata ɗaliba ce ta karanta aikin a gaban alƙalai, shi kuma gogan naka shi ya rungumi kofi a hoto yana washe baki.

Na koma ƙauyen don in ba tsohon haƙuri, ina tsammanin zai zage ni. Bai zage ni ba. Ya ce bai yi ƙarya ba, ba zai janye ba, wataƙila Allah ne ya so a warware kafin ya kwanta dama. Abu ɗaya ya roƙe ni, in je in lallashi ɗansa ya mayar da yarinyar, domin shi yanzu maganarsa ba ta da nauyi a gidan da ya gina. Na yi ta sintiri, na kai limami, na kai wata gwaggonta, uban ya kafe. Aka yi jarrabawa ba ita. Yanzu tana taya uwarta turara shinkafa.

Shekarar da ta biyo baya na kai wasu ɗalibai yankin, kowane dattijo muka tambaya sai ya kalli wayar hannunmu ya ce ya tsufa, ya manta. Ban ga laifinsu ba. Malamai 'yan'uwana, in tsoho ya ce wannan tsakaninmu ne, ku goge shi a gabansa da hannunku, kada ku bar wa wani komai girman kujerarsa, kuma ku tambayi wa ke da shanu a ina kafin ku miƙa muryar mutum. Kofin nan yana ofishin shugaba, masinja na goge shi kullum, ni kuwa ba na iya kallonsa. Zuwana na ƙarshe tsohon ya ce mini ya jure ƙauracewar gari, abin da ya kasa jurewa shi ne amaryarsa ta daina tsokanarsa. Da safe takan zo ta durƙusa ta ce masa ina kwana, ta tashi ta tafi.