Layun Wuyan Jarirai da Zaren Malam Isa

Ku da kuke aikin awon jarirai yanzu, ga wani labari, jikata ce take rubuta mini shi don ni ban yi boko ba. Har yau ban manta da wata ranar Laraba ba, a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Wudil, shekara huɗu kafin 'yancin kai.

Ni ungozoma ce a lokacin. Aikina in karɓi yaro a hannun uwarsa, in sa shi cikin zane, in rataya a ƙugiyar sikeli da ke reshen tsamiya. Malam Isa, malamin magani, shi ke duba nauyi ya rubuta a littafi. Saurayi ne mai natsuwa, ya yi karatu a Kano, kuma yana son ƙidaya komai. Har layun da ke wuyan yaro sai ya ƙirga ya rubuta.

Da aka yi wata biyar ana haka, sai ya kira ni ya shimfiɗa wata takarda mai gida-gida, cike da ɗigo-ɗigo. Ya ce kowane ɗigo yaro ɗaya ne, kuma 'yan kusa da yaye kaɗai ya zaɓa don kada bambancin watanni ya ɓata lissafin. In ɗigo ya matsa dama, layun yaron sun fi yawa. In ya yi sama, yaron ya fi nauyi. Ya ɗauko zare ya miƙe shi a tsakiyar ɗigon, yana ɗan gyarawa, har waɗanda ke samansa da na ƙasansa suka yi kusan daidai. Sannan ya bi da fensir. Layin ya gangara kamar hanyar bakin kogi.

Ya ce, "Inna Tabawa, kin gani? Duk inda laya ta ƙaru, nauyi ya ragu. Gaya mini yawan layun yaro, in gaya miki nauyinsa ban ɗaga shi ba."

Na gwada shi da yara uku. Bai yi nisa da sikeli ba ko sau ɗaya.

Nan ya yanke hukunci. Ya ce fatar layu tana tara datti, yara suna tsotsa, shi ke kawo gudawa. Daga Laraba mai zuwa ba yaron da za a ba magani sai an cire masa layu, ni ce kuma zan riƙa yankewa. Takardar da zai aika Kano ma ya riga ya fara ta.

Ni kuwa na san matan nan. Shekara guda muka yi muna lallashinsu kafin su yarda a rataya musu 'ya'ya kamar buhun gyaɗa. Ranar da almakashi ya taɓa laya ɗaya, daga Utai har Ɗankaza ba wadda za ta sake zuwa.

Laraba ta zo, mata suka cika gindin tsamiya, ya miƙo mini almakashi. Na riƙe, ban motsa ba. Na ce, "Malam, zarenka bai yi ƙarya ba. Amma ka tambaye su, wanne ya riga zuwa, ramar ko layar?"

Ya ɗan ɓata rai, amma ya kira ta farkon layi, wata Hajara daga Utai. Ɗanta Tanko duk haƙarƙarinsa a waje, layu bakwai a wuyansa.

"Baiwar Allah, yaushe aka ɗaura masa waɗannan?"

Ta ce, "Wannan ta ranar suna ce, Malam, ita kaɗai gare shi har ya fara rarrafe. Da ƙyanda ta kama shi, kakarsa ta kawo biyu. Da gudawa ta biyo, babansa ya je Ɗankaza ya karɓo uku. Ta ƙarshen nan ni na saya da bazara."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Kai Malam, da karatunka duka! Wa ya taɓa wahalar neman laya wa yaron da ke cin tuwo yana ture 'yan'uwansa?"

Mata suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya buɗe littafinsa ya koma baya shafi-shafi, yana bin sunan Tanko da yatsa. Nauyin ya fara sauka tun layar tana ɗaya. Ya duba na wasu yaran, ya tambayi iyayensu, ya tarar haka ne. Ya ajiye takardar zaren, sannan ya karɓi almakashinsa ya mayar aljihu.

Ya ce, "Inna, daga yau ki riƙa duba wuyan yara tun a layi. Duk wanda layunsa suka haura huɗu, kawo mini shi gaba, kada ya jira."

A ranar Tanko ya fara shan magani, kuma ya rayu. Matan ba su daina zuwa ba.

Abin da na koya ke nan. Zare yana iya nuna maka abu biyu suna tafiya tare, har ka yi hasashe da shi ka dace, amma ba zai gaya maka wanne ya jawo wanne ba. Wannan sai ka tambayi uwar da ta goyo yaron daga Utai.