Bencin Ƙofar Tumirah

Da hantsi, in ka ji wani tsohon babur yana tari a hawan gonakin shayi, to Bu Wartini ce (Bu lakabin girmama mace ne a wurinmu), ma'aikaciyar jinyar ƙauyenmu, da jakar awon jini a bayanta. Shekara ashirin da bakwai tana wannan hawa da sauka, sai a watan nan ta ajiye aiki. Wasu za su yi ta zancen allurai da haihuwar da ta karɓa. Mu dai benci muke tunawa.

Tumirah mai tsinkar ganyen shayi ce, macen da kan cika kwando kafin wasu su gama gaisawa. Zazzaɓin dengi ya kama ta, ya sake ta, amma ƙarfinta bai dawo ba. Asibitin birni suka auna komai, suka ce lafiyarta lau. Aka fara gulma: son jiki ne.

Mu kuwa mutanen tsibirin Jawa ba ma barin majinyaci ya huta da mu. Mukan cika a-kori-kura, da sukari da ayaba, mu dira a ɗaki. Tumirah ta tashi zaune don kunya, ta yi murmushi, ta amsa wa kowa. Bu Wartini kaɗai ta lura cewa kowace dubiya sai ta kwantar da ita kwana biyar, har cokali ya gagare ta. Ta kai maganar wurin wata likita a birnin Yogya. Likitar ta ce ciwon gajiya ne mai daɗewa, ba a samo maganinsa ba tukuna, kuma mai shi in yana wuce iyakar ƙarfinsa ƙara nutsewa yake yi, wani ma ba ya sake barin gado.

Ranar Lahadi muka iso, muka tarar Bu Wartini ta gitta benci a bakin ƙofar Tumirah, ta zauna daram.

"Mutum ɗaya, minti biyar, ba surutu," in ji ta.

Mbah Ponirah (Mbah muke ce wa tsofaffi), gwaggon Tumirah, ta buga sanda. "Ke Wartini! Ni na yi wa yarinyar nan wankan jego. Yau sai na nemi izininki? Gidan ubanki ne?"

"A'a, Mbah. Kawo ayabar, zan kai mata."

"Ayabar ta shiga, ni a waje? Wato ayaba ta fi ni mutunci!"

"Ayaba ba ta tambayar mutum ya jiki sau bakwai, Mbah."

Ba mu yi dariya ba. Haushi muka ji, har da mai wannan rubutu. Wata biyu mata suna ɗauke kai in ta wuce, a taron karatun Alhamis ma ba mai matsa mata tabarma. Ta shanye.

Bu, ke ce kika yarda da ciwon da awo bai nuna ba. Ke ce kika zaɓi a ƙi ki a kan a ƙarasa Tumirah da ƙauna. Mun yi miki rashin adalci, kuma muna jin kunya.

Tumirah ba ta warke ba, kada mu yi ƙarya. Amma yanzu tana cin abinci da hannunta, tana zama a baranda ta sha hantsi.

Washegarin walimar sallamarta daga aiki, Bu Wartini ta hau babur ta je yi wa Tumirah bankwana. Ta tarar da benci a gicciye, Mbah Ponirah a kai, sanda a cinya.

"Jiya ta yi wanka, yau hutu take," in ji tsohuwar. "Ajiye ayabar. Ki dawo jibi."

Bu Wartini ta ajiye, ta juya tana share ido da gefen ɗankwali.

Mun gode, Bu, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu majinyaci irin wannan, ku nemi benci, ku sami mai ƙarfin halin zama a kansa.