Baba Dalhatu, Mai Sauraron Robar Tebur

Kullum da hantsi, kafin manoman tumatir su fito daga bakin kanal, Baba Dalhatu zai yaye tamfol daga teburin snuka da ke rumfarsa a Kura. Sai ya share ƙyallen, ya gangara ƙwallo ɗaya ta bugi robar gefe, ya karkata kai yana saurare. Na daɗe ina mamakin abin da roba ke faɗa wa mutum. Da na tambaye shi, dariya ya yi, ya ce laimar kanal takan sa ta nauyi da safe, rana kuma ta sake ta.

Shekara ashirin da biyu yana fama da ciwo ɗaya: hannun da ya saba da fartanya. Mutanenmu sukan doki ƙwallo kamar suna fasa hoge. Shi kuwa yakan nuna musu cewa ƙwallo idan aka doke ta da ƙarfi nutsewa take cikin roba ta dawo kusa, don haka sai a matsar da saiti gaba. Wadda aka tura a hankali kuwa buɗewa take ta tafi nesa, sai a rage. Wuri ɗaya, ƙarfi biyu, hanya biyu. Ni har yau abin na ɗaure min kai.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, ya ce zai ajiye sandar snuka. Abin da ke cin ransa shi ne kada ya tafi babu wanda ya ɗauki karatun. Baballe, manomin da ya fi kowa naci, sau uku 'yan Bunkure na cinye shi saboda saran nan nasa.

Ranar Juma'ar da Baba zai yi sallama da rumfar, Baballe da 'yan Bunkure suka sake haɗuwa. Baƙar ƙwallo ta rage, ba hanya sai ta roba. Baballe ya ja sanda da ƙarfi yadda ya saba, sai ya tsaya, ya rage saiti, ya tura ta a hankali. Baba Dalhatu na kan benci, ko teburin ba ya gani sosai. Yana jin ƙarar robar ya ce, "Ta shiga." Sai da ya rufe baki sannan ta faɗa rami.

Kai ne malamin da ba a kira malam, Baba. Mun gode, Allah ya ba idonka lafiya. Duk mai wata sana'a a hannu, ya koyar da ita kamar kai, har ya gane ɗalibinsa ko da kunne.