Hannuwan da Suka Tare Ladi

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, wani maƙwabcinmu a Wudil ya sayo talabijin, sai dandalin unguwarmu ya mutu murus. Da an idar da sallar isha'i, yara su yi cincirindo a ƙofar gidansa. Ni ba a barina zuwa kallo, ga ni mayyar gaɗa, babu kuma abokiyar yi. Sai na fara satar jiki ina zuwa dandali ni kaɗai, ina tafi ina waƙa.

Kakata, Iya Ta-Indabo, ta gano. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaunar da ni bakin murhu muna ɓarar gyaɗa, ta kama tatsuniya ba ta ko jira na ce ta zo mu ji ta ba.

Wai a wani gari mai gari ya hana wasa, ya ce ɓata lokaci ne. Rannan da farin wata, wata yarinya Ladi ta jiyo tafi daga dandali. Ta je ta tarar da 'yan mata a jere, kowacce ta lulluɓe fuska. Daɗi ya kwashe ta, ta shiga. A gaɗa kuwa sakin jiki ake yi a faɗa ta baya, ƙawaye su tare mutum su cilla shi. Ladi ta faɗa, aka tare ta.

Iya ta rage murya ta ce, "Hannuwan nan sanyi ƙalau, 'yar nan. Har yau ba su dire ta ba."

"Su wane ne, Iya?"

"Ja'ira, dandalin da mutane suka bari ai ba ya zama babu kowa. Kada ki faɗa hannun wanda ba ku yi wasan ƙasa tare ba."

Ko ƙurunƙus ba ta ce ba. Na tsorata ƙwarai, ranar a bayanta na kwana ina riƙe da bakin zanenta, ban kuma sake taka dandali ba.

Na daɗe ina ɗauka labarin aljanu ne kawai. Sai da na girma na gane a wajen wasa muke koyon wanda za mu saki jiki da shi. Kwanan baya na so in koya wa jikata gaɗa, yarinyar da ba ta da ƙawa sai waya. Na tsaya bayanta, na buɗe hannuwa, na ce ta faɗo. Ta sandare, ta waiwayo ta dube ni.

"Hajiya, in kika matsa fa?"

Wallahi tambayar nan ta fi tatsuniyar Iya ba ni tsoro.