La'asar a Gaban Raƙumin Dawa

Shekara huɗu da auren 'yata ta fari, ban taɓa yi wa mijinta magana baki da baki ba. In ya zo gidanmu a unguwar Ƙurban ta Madina, yakan durƙusa bakin labule ya gaishe ni, ni kuma in amsa wa labulen. Haka na ga mahaifiyata ta yi da nata surukan, ban ga dalilin sakewa ba.

Aiki ya kai shi wata ƙasa a gabashin Afirka, yarinyar ta haihu a can, na bi ta wankan jego. Ana saura kwana biyar in dawo, ya aiko ta ta ce mini zai kai ni wani ɗan ƙaramin gandun namun daji in ga ikon Allah. Na ce to. Ban tuna cewa mai jego ba ta fita ba sai da na gan ni a bayan mota mai buɗaɗɗen rufi, shi a gaba, da direba wanda ba ya jin Hausa ko Larabci.

Mun yi azahar a bakin ƙofar gandun. Daga nan aka sanar da mu doka: ba mai sauka daga mota sai a wurin da aka keɓe.

Na ga jakunan dawa, kowanne da zanensa. Na ga ɓauna tana kallonmu kamar mun shigo ba sallama. Wani gwaggon biri ya zauna gefen hanya yana tsince wa ɗansa ƙwarƙwata, har na ji ƙwalla. Surukina yana ta ɗaukar hoto, yana yi wa gilashin mota bayani a madadina.

Sai rana ta fara yin ja. A Madina ban taɓa buƙatar gaya wa kowa lokacin salla ya yi ba. Kiran salla daga masallacin Ƙuba har kicin yake iske ni. Nan kuwa sai kukan tsuntsaye. Ina da alwala, ina da darduma a jaka, abin da ba ni da shi kawai bakin magana. Na yi gyaran murya sau biyu. Ya miƙo mini ruwa ba tare da ya juyo ba.

Motar ta tsaya gaban wani raƙumin dawa yana cin ganyen ƙaya. Na dube shi na ce, “Kai dogo, kai da kake hango nesa, ka ga dai la'asar na wucewa.”

Sai surukina ya leƙa ta taga, ya ɗaga kai sama, ya ce da dabbar cikin ladabi, “Abshir, ba damuwa. Ka gaya wa Hajiya minti biyar mu isa inda ake sauka.”

“Ka ce masa Allah ya yi albarka,” in ji ni.

Raƙumin ya ci gaba da tauna. Direban ya dube mu, ya dubi raƙumin, ya tayar da mota.

Na yi sallata a kan wani tudu, ƙasa da ni dorina na huci a cikin tafki, rana ba ta kai ga faɗuwa ba.

Yanzu hoton raƙumin yana manne a bangon falonmu, kusa da labule. In surukina ya zo hutu, ta wajen raƙumin muke gaisawa. Har hira mukan ɗan taɓa.