Ofishin Baba a Falonmu

Ku da kuka zauna layinmu a Agege kun san Babanmu, Malam Sule, da fitarsa ta bakwai da rabi. Zai sa kwat, ya ɗaura laktaye, ya ɗauki jaka, ya zagaya bayan gida, ya dawo ya buɗe falonmu. Ya iso ofis ke nan.

"An zo nemana?" zai tambayi Inna.

"Cikin minti uku, Malam?"

Shekara ashirin yana fitar wa mutane kaya daga tashar jirgin ruwa ta Apapa. Ana komawa mulkin farar hula kamfanin ya canja hannu, aka sallame shi da takarda mai layi biyu. Bai taɓa cewa an kore shi ba. Wai reshe ya buɗe.

Mu muka ɗanɗana reshen nan. Daga takwas zuwa huɗu ba daka, ba suyar kifi, ba dariya. Da baƙo ya yi sallama, sai a kora mu bakin rijiya. Ranar da na ci jarrabawa na shigo da gudu, ko kallona bai yi ba. "Hadiza, sai an tashi."

Wata rana akuyar Iya Risi maƙwabciyarmu ta shigo tana cin takarda a gaban wani direban tanka. Baba ko gezau. "Kayan kwastoma ne, hatimi take jira."

Sai ranar da wani Alhaji mai tireloli ya zo. Inna ta kawo ruwa, Baba ya ce, "Sakatariyata ce." Alhaji ya bi ta da kallo, ya gyara hula.

"Oga, tana da aure kuwa?"

Baba ya ce, "Ba ma tattauna sirrin ma'aikata."

Sati guda Inna ba ta yi masa magana ba. Duk wanda ya tambaya, sai Baba ya ce ai ma'aikata na yajin aiki. Kun yi dariya a majalisa, na ji ku. Ni na ga Inna tana kuka a bakin murhu.

Da wayar salula ta shigo, ya ƙi ta. "Ofishin gaske ba ya shiga aljihu." Samari masu waya a kan okada suka kwashe direbobin da ya yi wa hidima, har waɗanda ya koya wa cike takarda. Haka zai wuni shi kaɗai yana fiƙe fensir, ana wucewa ana ɗaga masa hannu: "Manaja, ya kasuwa?" Ya san ba'a ce. Amsawa yake da mutunci.

Ranar Asabar ya rasu. Inna ta ce ko mutuwa ba ta yi karambanin zuwa masa a ranar aiki ba. Daga Apapa ko mutum ɗaya bai zo gaisuwa ba.

Na daɗe ina jin haushinsa. Sai da na girma na gane tsoro yake ji kada mu gan shi zaune ba aikin yi.

Allah Ya gafarta maka, Baba. Na yafe, Inna ma ta yafe. Allah Ya hutar da kai.