Giyar Beljiyam Mai Kachala

Ina tsugune a garejin Malam Sabo bakanike, ina duba giyar hannu da zai ɗaura wa motata. Na gaji da otomatik. Mota mai ƙarfin inji irin wannan, so nake in riƙa canja mata giya da kaina.

Ya rantse mini 'yar Beljiyam ce, jiya ta iso daga Kano.

Sai na zura yatsa a wani lungu na ƙarfen, na zaro busasshiyar laka da guntun kachala, ciyawar nan da ta toshe mana kogi. Da na sa ya kwance notin mai, abin da ya zubo kamar kunun gyaɗa.

Na ce, "Malam Sabo, Turawa ma kachala ta dame su?"

Bai ko ɗago kai ba. "Alhaji, ai can ma ana ruwa."

Nan na tuna motar da ambaliya ta shanye bara a hanyar Kirikasamma.

Na ce ya bar mini otomatik ɗina. Gudu nake nema, ba iyo ba.

Jama'a, ko Beljiyam ta dawo bayan fadamarmu ta Baturiya ne ban sani ba?